Ra'ayinmu: A Ƙirga Ɗakunan Kwana Kafin A Ɗaure Kayan Tafiya

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin da ya ratsa Maiyama a makon farko na dogon hutun makaranta, ko washegarin Sallah, zai ga motoci shaƙe da iyalai suna wucewa. Wasu sun nufi Jega, daga can su karkata zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Wasu sun yi kudu ta Koko da Yawuri, har zuwa Abuja. Akwai masu zuwa zumunci, akwai masu zuwa biki, akwai masu rakiyar majinyaci, akwai kuma waɗanda Allah Ya hore wa, suka ɗebi yara domin su buɗe ido. Tafiya irin wannan ba abin ƙi ba ce. Zumunta a ƙafa take, kuma Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin lura da ayoyin Ubangiji.

Magidancin da ya shirya irin wannan tafiya yakan yi lissafin komai tun da sauran kwanaki: kuɗin mai, guzurin hanya, ɗinkin yara, tsarabar da za a kai wa dangi. Tambaya ɗaya ce ake yawan bari sai an isa, wato wa zai kwana a ina. Sai ƙarfe goma na dare ta yi, an tsaya gaban teburin karɓar baƙi na otal, yara sun gaji, aljihu ya fara sauƙi, sannan ma'aikaci ya faɗi kuɗin ɗaki. Nan take maigida zai ce a ba shi ɗaya, a ƙaro katifa, ai kwana biyu ne kacal. Haka uba da uwa, da yaro ɗan shekara 13, da yarinya 'yar shekara 11, da ƙanwar uwargida da aka ɗauko domin ta taya raino, za su kwana a ɗaki guda mai banɗaki guda, abin da ko kusa ba za su yarda da shi a gida ba.

Matsayinmu shi ne, wurin kwana ne abu na farko da ya kamata a lissafa a kowace tafiya ta iyali, kafin mota, kafin tsaraba. Iyakokin da shari'a ta gindaya tsakanin iyaye da 'ya'ya, tsakanin 'ya'ya maza da mata, da tsakanin namiji da matar da ba muharramarsa ba, suna bin mutum duk inda ya sauka. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sauƙaƙa wa matafiyi, Ya yarje masa yin ƙasaru da ajiye azumi ya rama daga baya. Tsare al'aura da kiyaye kunya kuwa ba sa cikin abubuwan da tafiya ke sauke wa mutum.

Darasin da ke cikin ginin gida

Wanda ya shiga tsohon gida a Maiyama, ko Jega, ko Aliero, zai ga cewa magabata sun amsa wannan tambaya da tubali da jar ƙasa. Baƙo namiji iyakarsa zaure, ko ɗakin baƙi da ke ƙofar gida. Bayan zaure akwai fili, sannan shigifa wadda aka karkata ƙofarta don kada idon na waje ya faɗa cikin gida. Kowace mace da ɗakinta, maigida da turakarsa. Yaro in ya fara tasawa sai a fitar da shi zuwa ɗakin samari, yarinya kuwa ta koma wajen kaka ko ɗakin 'yan'uwanta mata. Maginin da ya yi wannan tsari mai yiwuwa bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, amma fiƙihun ne ya gada daga iyayensa ya mayar da shi gini.

Ko a sha'anin baƙi haka abin yake. Jega ta bunƙasa a ƙarni na 19 a matsayin babbar kasuwa kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, saboda haka ta san saukar baƙi tun kafin a san otal. Fatoma yakan sauke falke a ɗakunan waje, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, amma cikin gida na iyalinsa ne. Baƙo ya samu masauki, masu gida ba su rasa suturarsu ba.

Ɗakin otal ya rushe wannan tsari gaba ɗaya. Ƙofa ɗaya ce, bango huɗu, gado, talabijin da banɗaki. An gina shi ne domin mutum ɗaya ko ma'aurata biyu. Idan aka cusa iyali guda a cikinsa, zaure da shigifa da turaka da ɗakin samari duk sun taru a tabarma ɗaya.

Abin da nassi ya koyar

A Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya umarci muminai da su koya wa yaran da ba su balaga ba da masu yi musu hidima neman izini kafin su shigo musu a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi domin ƙailula, da bayan sallar Isha'i. Aya ta 59 kuma ta nuna cewa idan yaran suka balaga, neman izininsu ya koma irin na manya, a kowane lokaci. Ayoyin nan muna jin su duk shekara a wuraren tafsirin watan Ramadan. Abin tambaya shi ne, yaron da ke kwance a kan katifa a gindin gadon iyayensa, a wace ƙofa zai tsaya ya yi sallama?

Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu mutanen Iraƙi sun tambayi Abdullahi ɗan Abbas (RA) game da wannan aya, ganin mutane sun daina aiki da ita. Sai ya bayyana musu cewa Allah Mai son sutura ne, kuma a lokacin da ayar ta sauka gidajen mutane ba su da labule, har yaro ko mai hidima ko marainiyar da ake riƙo kan faɗo wa mutum yana tare da iyalinsa, shi ya sa aka yi umarnin. Daga baya Allah Ya yalwata musu, suka samu labulaye. A cikin wannan bayani akwai abin lura ga matafiyin yau. Iyalin da suka bar gida mai ɗaki biyar suka taru a ɗaki ɗaya na otal sun mayar da kansu, da kuɗinsu, cikin halin rashin labulen da ayar ta sauka domin magancewa.

Game da yara a tsakaninsu kuwa, hadisin Amru ɗan Shu'aibu daga mahaifinsa daga kakansa, wanda Abu Dawud da Imam Ahmad suka ruwaito, sananne ne. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya haɗa abu uku a umarni guda: sa yara sallah suna da shekara bakwai, tsawatar musu a kanta suna da shekara goma, da raba musu wurin kwana. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ambaci wannan tun a gabatarwar Risala, littafin da kusan kowane ɗalibin zaure a ƙasar Gwandu ya karanta. Malaman Malikiyya sun yi saɓani kan lokacin da ake fara rabawar, wasu suka ce bakwai, wasu suka ce goma. Sun kuma yi magana kan yadda ake yin ta: wasu suka ce kowane yaro da shimfiɗarsa daban, wasu suka ce ya wadatar kowa ya kasance cikin tufafinsa da abin rufarsa, jiki bai haɗu da jiki ba. Hukuncin bai tsaya kan namiji da mace kawai ba, ya haɗa da maza a junansu da mata a junansu. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (RA) hanin da aka yi na namiji ya shiga mayafi ɗaya da namiji, ko mace da mace, ba tare da wani shamaki ba.

Mun fi riƙe rabin farko na hadisin. Uban da ba zai yarda ɗansa ya bar sallar Asuba a hanya ba, shi ne kuma zai kwantar da shi a bargo ɗaya da ƙanwarsa da ta fara girma, alhali baki ɗaya ne ya faɗi umarnin biyu. Ba zargin 'ya'yanmu muke yi ba. Mai barci ba ya mallakar jikinsa, tufafi kan yaye, ido kan ga abin da zuciya ba za ta manta ba. Masu aiki a kan kare yara a ko'ina cikin duniya sun daɗe suna faɗakarwa cewa mafi yawan cutarwar da ake yi wa yara daga waɗanda suka sani take fitowa, kuma a wuraren da aka saki jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su wane ne a cikin motar?

Iyalin Bahaushe ba miji da mata da 'ya'ya biyu ba ne. A motar da ta tashi daga Maiyama za a iya samun ɗan wan maigida da ake riƙo, da ƙanwar uwargida, da agola, da 'yar aiki, da direba. A gida duk ana ce musu 'yan gida, kuma haka suke ta fuskar ƙauna da ɗawainiya. Amma ta fuskar wurin kwana, ma'aunin shi ne wanda Suratun Nisa'i, aya ta 23, ta zayyana: nasaba, shayarwa da surukuta.

Ɗan baffa da 'yar baffa ba muharraman juna ba ne, ko da a tukunya ɗaya suka tashi, shi ya sa ma ake yin auren zumunci a tsakaninsu. Ɗan riƙo bai zama ɗa ba don an rene shi, kamar yadda farkon Suratul Ahzab ya tabbatar, sai fa idan shayarwa ta shiga tsakani bisa sharuɗɗanta. Agola mace muharrama ce ga mijin mahaifiyarta bayan ya tare da uwar, amma ita da ɗan da mijin ya haifa da wata matar ba muharraman juna ba ne. Ƙanwar mata kuwa, haramcin aurenta na ɗan lokaci ne, muddin yayarta na ƙarƙashin mutum, don haka ba ya halatta masa ya keɓanta da ita ko ya ga abin da ba a yarda baƙo ya gani ba. Haka ƙanen miji yake ga matar wansa. Lokacin da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da dangin miji maza su shiga wajen matarsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir (RA), sai ya kamanta hakan da mutuwa, saboda shi ne wanda ba a zargi, kuma ƙofa a buɗe take gare shi.

Muna son mu tsaya a kan 'yar aiki, domin ita ce wadda ba ta da bakin magana. Yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye amana. A tafiya, sau da yawa ita ake shimfiɗa wa zane a bakin ƙofa, ko a tura ta ɗakin da samarin gida suke don ta kula da ƙananan yara, ko a bar ta a baranda. Wanda ya ɗauko 'yar mutane ya raba ta da iyayenta, wajibinsa ne ya ba ta wurin kwana mai aminci tare da mata, irin wanda zai yarda 'yar cikinsa ta kwana. Wanda ba zai iya ba, ya bar ta a gida wajen wata babba. Direba ma ɗan Adam ne. Barin sa ya kwana a mota, sauro na cizonsa, gobe kuma a ɗora masa rayukan iyali a kan titi, zalunci ne kuma ganganci ne.

Mai mace fiye da ɗaya yana da nasa ƙarin nauyin. Nana A'isha (RA) ta ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa idan Manzon Allah (SAW) zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita ce abokiyar tafiya. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an bar wa miji zaɓi a tafiye-tafiye na yau da kullum, aka ce ya yi ƙuri'a a tafiyar Hajji da ta yaƙi, aka kuma hana shi haɗa matansa a shimfiɗa ɗaya. Saboda haka wanda ya yi niyyar tafiya da uwargida da amarya tare, ya san cewa ɗaki biyu ne mafi ƙaranci, kuma su kasance daidai da juna. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ga wannan, mai fanka ga waccan, ya isa ya kunna wutar da za ta shekara ba ta mutu ba.

A ƙasa mai tsarki

Babu tafiyar iyali da mutanenmu suka fi buri kamar ta Makka da Madina. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a watan Mayun 2024. A aikin Hajji ta hannun hukuma, tsarin da aka saba shi ne maza a ɗakunansu, mata a nasu, haka ma a tantunan Mina. Mata da miji kan yi makonni ba su kwana ɗaki ɗaya ba, kuma ba a ji wanda ya ce an tauye shi. Wannan ya nuna cewa raba maza da mata a masauki abu ne da muka iya idan mun ga dama.

Inda ake samun sakaci shi ne Umara, musamman ta watan Ramadan lokacin da masaukai kusa da Harami ke tsada. Kamfanonin shirya tafiya kan tsara farashi bisa yawan mutanen da za su zauna a ɗaki: na mutum huɗu ya fi araha, na uku ya ɗara shi, na biyu ya fi su tsada. A nan ne wasu abokai biyu, kowa da matarsa, kan yanke shawarar karɓar ɗaki ɗaya mai gado huɗu don a rage kuɗi. Mace za ta yi kwana goma ba ta cire hijabi ba, tana barci a gaban mijin wata, suna layin banɗaki ɗaya. Umara ibada ce da ake nema da ita kusanci ga Allah, bai dace a gina ta a kan abin da Ya hana ba. Mafita a fili take: mazan biyu su haɗu da wasu maza, matan su haɗu da wasu mata, kuɗin bai canza ba.

Tun shekarar 2022 hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mace na iya zuwa Hajji da Umara ba tare da muharrami ba. Malikiyya dama sun yarda mace ta yi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Sai dai amincin tawaga ba a takardar biza ake ganinsa ba. Wanda zai tura mahaifiyarsa ko 'yarsa ya tambayi wakilin kamfani, a rubuce, su wane ne abokan ɗakinta, mutum nawa ne, kuma wace mace ce ke jagorantar su.

Uzurin kuɗi

Za a ce mana rayuwa ta yi tsada, kuɗin mota ya ninka, ɗaki biyu a otal ba na kowa ba ne. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. Amma a bambance tafiyar larura da tafiyar nishaɗi.

Wanda ya kawo ɗan'uwansa da ya karye wajen masu ɗori na Aliero, ko ya kai mara lafiya asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko ambaliya ta kore shi daga gida, yana cikin larura, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ko a nan akwai abin da za a iya: kowa da tabarmarsa da abin rufarsa, a ɗaura igiya a rataya zane ya zama labule, maza su kwana a waje ko a zauren masauki, a kwanta da cikakkun tufafi. Tabarma da zane ba su fi ƙarfin kowa ba.

Wanda kuwa zai kai yara kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ko bikin Rigata na Yawuri, ko ya yi doguwar tafiya zuwa gandun dajin Yankari a Bauchi don su ga giwaye su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ba ya cikin larura. Shi ya zaɓi lokaci, shi ya zaɓi wuri, shi ya zaɓi yawan kwanaki. Kuɗin kwana shida a ɗaki ɗaya shi ne kuɗin kwana uku a ɗaki biyu. Ƙaramin masauki mai tsabta mai ɗaki biyu ya fi babban otal mai suna wanda ɗaki ɗaya kawai za a iya kamawa a cikinsa. Gida ko sashen gida da ake haya na 'yan kwanaki, mai falo da ɗakuna, sau da yawa ya fi dacewa da iyali mai yawa. Idan duk wannan bai yiwu ba, a rage masu tafiya, ko a je a dawo a yini ɗaya, ko a jinkirta zuwa baɗi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba kuma muna kira ga almubazzaranci ba ne. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hadisin da ya ƙirga shimfiɗar miji, da ta matarsa, da ta baƙo, ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan, abin da malamai suka fassara da tara abin da ya wuce buƙata don alfahari. Mai hali da ya kama ɗakuna masu tsada don a ɗauki hoto a watsa a Facebook, ya warwatsa ƙananan yara a wani bene daban da nasa, kowa da makullinsa da talabijin ɗinsa, shi ma ya kauce. Rabuwar da shari'a ta nema ta shimfiɗa ce, ba ta ce a janye ido daga kan yara ba.

Tsarin da muke ganin ya fi dacewa da yawancin iyalai mai sauƙi ne. Idan ɗaki biyu ake iya kamawa kuma akwai yaran da suka kai shekarun rabawa, uba ya kwana da maza, uwa ta kwana da mata da ƙanana. Idan ana iya uku, iyaye a tsakiya, maza a gefe, mata a gefe, kuma a nemi masu ƙofa a tsakani ko masu kallon juna. Tsofaffi a ba su ɗakin ƙasa kusa da banɗaki. A tsara wannan tun a gida, a faɗa wa yara, a kira masaukin a waya a tabbatar kafin a tashi, musamman a lokacin bukukuwa da ranakun yaye ɗalibai a jami'ar Aliero ko manyan makarantun Birnin Kebbi, lokacin da ɗakuna ke ƙarewa da wuri.

Abin dubawa kafin a karɓi makulli

Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai da su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. A wasu hadisan ya yi umarni da rufe ƙofofi da rufe ƙwarya da ambaton sunan Allah. Wutar wannan zamani ta haɗa da waya mai zafi a jikin soket, da abin dafa ruwa na lantarki, da igiyar leƙo da aka kunna kusa da labule, da hayaƙin janareta wanda ba a ganinsa kuma ya sha hallaka iyalai suna barci. Maigida ya duba inda janareta yake, kada ya karɓi ɗakin da tagarsa ke kallonsa. Ya san ta inda za a fita idan gobara ta tashi. Ya gwada sakata. Mai ƙananan yara ya guji bene mai baranda marar tsaro. A tafi da gidan sauro, domin binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna jihar Kebbi ce kan gaba, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada.

Sannan a dubi abin da ya shafi addini. Shin ana sayar da giya a harabar? Ana kiɗa har tsakar dare? Wurin wanka na iyo a gauraye yake? Ƙofar banɗaki ta gilashi ce? Akwai buta, akwai ruwa, an san alƙibla, akwai masallaci kusa? Talabijin na otal kan zo da tashoshin da ba mu da su a gida, intanet kuma kyauta. Uban da ya cire wayar talabijin daga bango, ya karɓi wayoyin hannu bayan Isha'i, bai yi tsanani ba.

Kira

Ga masu otal da masaukai a Jega, Aliero, Birnin Kebbi da Argungu: a idon mutane da yawa sunan otal ya ɓaci, har magidanci kan ji nauyin a ga motarsa a ƙofarsa. Hanyar wanke wannan suna ita ce a gina wa iyali wuri: ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, farashi mai rangwame ga wanda ya kama biyu, ƙarin gado ƙarami, wurin sallah, alamar alƙibla, da sashen da babu hayaniya. A jihar da ta rungumi shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, wannan ciniki ne mai riba a duniya da lahira.

Ga kamfanonin Umara: kada a haɗa namiji da matar da ba muharramarsa ba a ɗaki ɗaya, ko da su suka nema. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda ke ba su lasisi, tana da ikon sa wannan cikin sharuɗɗanta.

Ga limamai da malaman Islamiyya daga Maiyama zuwa Andarai da Mungadi: a ware huɗuba guda kafin kowane dogon hutu a kan ladubban tafiya da na kwanciya. A faɗi magana a fili cikin mutunci, domin kunyar faɗa ce ke barin iyaye cikin rashin sani.

Ga iyaye mata: ku ne kuka fi sanin ranar da 'ya ta fara jin nauyin canza kaya a gaban yayanta. Idan maigida ya ce a ba shi ɗaki ɗaya, ki ce masa, Malam, yaran nan fa sun girma. Wannan kalma ɗaya tana iya zama garkuwa.

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Makiyayin kirki tun rana ba ta faɗi ba yake duba inda garkensa zai kwana. Yaro zai manta sunan otal da irin abincin da aka ci, amma zai riƙe cewa mahaifinsa, a garin da ba wanda ya san su, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya kwana tare da 'ya'yansa maza don 'yan'uwansu mata su samu sutura. Wata rana shi ma haka zai yi wa nasa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.